Tafiyar da Babu Ribas

Shekara talatin da biyu na yi a gidan waya ina rarraba wasiƙu cikin akwatuna, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tuƙa abin da ya wuce keke ba. Amma da za ka tambayi mutanen layinmu, za su ce maka ni tsohon direban babbar mota ne. Ba laifinsu ba ne, ni na gaya musu. Abin ya faro ne daga wata rana da na zauna kusa da direban motar ɗaukar wasiƙu, muka je tasha muka dawo. Da na ba da labarin a shagon Mai Aski sai na ga ya yi gajarta, na ƙara masa tsawo. Kafin shekara goma ni ne a kan sitiyari. Kafin ashirin motar ta zama tirela, har da wani dutse da na gangaro da ita daga kansa cikin ruwan sama babu birki.

Ana nan na yi ritaya, sai 'yar autata da ke aiki a kantin magani ta saya mini mota. Ƙarama ce, fara, ta hannu, amma lafiyarta lau. Ta miƙo mini makulli a gaban 'yan layi ta ce, "Baba, ga taka, ka tuna da." Kowa na ta sa mata albarka, ni kuwa ina tunanin ta ina zan fara.

A ɓoye na tafi wata unguwa mai nisa wajen mai koyar da tuƙi. Ko shi ban gaya masa gaskiya ba, na ce hannu ne ya kwanta nake so in tashe shi. Cikin kwana huɗu na iya tayarwa, na iya canza giya, na iya shan kwana. Rana ta biyar ya ce yau ribas za mu yi, ya fara jera gwangwanaye a fili. Daidai lokacin na hango wani tsohon abokin aikina yana wucewa. Na ɗaga murya yadda zai ji, na ce, "Ni za ka koya wa ribas? Tun kana zanin goyo nake jan tirela da baya." Na tafi ban sake komawa ba.

Sau ɗaya na gwada ni kaɗai. Na ja sandar giya zuwa inda aka zana alamar ribas, ta ƙi shiga, na danƙara ta inda ta ga dama, na saki kuloci, motar ta yi tsalle gaba ta sumbaci katanga. Tun daga ranar muka yi yarjejeniya ni da ita, gaba kawai.

Wata biyar na yi ina wannan rayuwa, kuma ina ganin na cancanci lambar yabo. Layinmu a buɗe yake ta kai biyu, saboda haka ta gabas nake shiga in fita ta yamma. Garejin gidanmu kuwa ko sau ɗaya motar ba ta kwana a ciki ba. In an tambaye ni sai in ce inji yana son iska.

Auta ce ta fara shan jinin jikinta. Wata Laraba ta zo ta zagaya motar, ta shafa gaban da ya ɗan lotse, ta leƙa gareji ta ga kaji sun mai da shi gidansu.

"Baba, me ya sa ban taɓa ganin ka ja da baya ba?"

"Namiji ba ya ja da baya."

"Mota tana yi. Ranar Asabar da la'asar zan zo, ka shigar mini da ita gareji da baya ina kallo. In ka yi, na yi shiru har abada. In ba ka yi ba, makulli ya dawo hannuna in nemo maka direba. Ba zan zauna ina jiran mugun labari ba."

Uwarta na zaune tana ninke kayan wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni kuwa na yi dariya irin ta manya, amma zuciyata ta karye. Ku fahimce ni. Tun da na bar aiki babu wanda ke jirana a ko'ina, babu hatimin da ke buƙatar hannuna. Makullin nan shi ne abu ɗaya da nake sawa a aljihu da safe in ji ni ma wani ne. A karɓe shi a zaunar da ni a baya kamar buhu, a gaban mutanen da suka sha labarin tirela shekara da shekaru, wannan ba zan iya ba.

Ranar Asabar da hantsi na tafi aski. Labari ya riga ni isa, domin a layinmu ko allura ta faɗi sai an ji. Tela, wanda tun fil azal bai yarda da labarin dutsen nan ba, yana zaune a kan benci yana warware wani wando.

"Direba, an ce yau akwai jarrabawa."

"Jarrabawar yara."

"Mu dai mun tanadi kujeru. Ni har shago zan rufe."

Mai Aski ya riƙe haɓata yana cewa, "Bar shi, Tela. Wanda ya gangaro da tirela ba birki, gareji ne zai gagare shi?"

Baki shi ke yanka wuya. Ban san lokacin da na ji kaina ina cewa ba, "Ku mutanen cikin gari, gareji ne ƙarshen tunaninku. Ni yanzun nan zan kama hanya. Gari bakwai, ni kaɗai, rana ɗaya. Wanda ya yi wannan, wa zai tsaya tambayarsa shiga gareji?"

Maganar na fita na ga ashe dabara ce ta gaske. Garuruwan nan bakwai na san su kamar yunwar cikina, ko da yake ban taɓa taka ko ɗaya ba. Su ne akwatuna bakwai na layin sama a ɗakin rarraba wasiƙu. Motar gidan waya takan fita ta gabas, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta shigo ta yamma. Zobe ne, babu juyawa, hanya ce da aka shimfiɗa domin irina. In dawo bayan Auta ta gaji ta tafi, ga ƙura a jikin mota, ga labari a bakina.

Na shiga gida na zuba farar riga mai guga. Uwar Auta ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, yarinyar nan fa za ta zo."

"Ki ce mata hanya ta kira ni."

"To. Ka sha maganinka?"

Abin da ta ce ke nan. Ta miƙo mini fulas ɗin shayi, na fita ina danna hon har ƙarshen layi.

Garin akwati na ɗaya na wuce shi kamar sarki. A na biyu na tsaya shan mai. Na shiga da ƙarfin hali, na taka birki a makare, na wuce famfo da taku uku. Mai zuba man, wani dogo mai hular kwano, ya ja tiyo ya ga bai kai ba.

"Baba, ɗan ja baya kaɗan."

"Bari in zagayo."

"Taku uku ne fa."

"Ni da motata."

Na fita ta ɗaya ƙofar, na zagayo ta titi na sake shigowa. Kafin in iso wani mai babur ya shige wurina. Na tsaya a bayansa, ashe ta wancan gefen famfon na biyo, bakin tanki ya koma ɗaya ɓangaren. Na sake zagayowa. Wannan karon tsoron wucewa ya sa na tsaya tun da nisa, na ɗan taɓa totur don in matsa, na wuce da taku biyar. A zagaye na huɗu masu sayar da lemo sun daina ciniki suna ƙirga mini.

Dogon ya jingina da famfo ya ce, "Baba, mai ka zo sha ko ƙonawa?"

"Sitiyari nake gwadawa. Akwai ƙarar da kunnen ƙwararre kaɗai ke ji."

Ya ɗauko jarka da mazurari, ya cika, ya bi ni inda na tsaya ya ɗura. Da zan tafi ya ce in gai da sitiyari.

Tsakanin gari na biyu da na uku akwai wata siririyar gada mai cin mota ɗaya. Na hau ban duba ba. Ina tsakiya sai ga motar siminti ta cika gabana, hancinta a saman rufina. Direban ya leƙo, ƙato ne mai tawul a wuya.

"Kai mai farar mota, ba ka ga na riga ka hawa ba? Koma."

Gaskiyarsa ce, ya ci kashi biyu cikin uku na gadar. Na kashe mota, na fito a hankali, na gyara riga, na cire hula don furfura ta yi aikinta.

"Ɗana, shekararka nawa a kan hanya?"

"Sha biyu."

"Sha biyu. Ni talatin da biyu. A zamaninmu babbar mota ita ke ba ƙarama hanya, domin girma na babba ne. Amma ku na yanzu ban san wa ya koya muku ba."

"Baba, kaya gare ni, tan talatin. Kai taku ashirin kawai za ka yi."

"Wanda ya kai ubanka za ka ce wa ya koma?"

Motoci suka taru ta kai biyu. Wata mata a cikin bas ta leƙo ta ce wa direban ya ji tsoron Allah ya bar dattijo ya wuce. Wani ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya. Bawan Allah ya dube ni, ya dubi jama'a, ya yi tsaki a ciki, ya sa giya. Na ga yadda ya ja wannan dodon baya tiryan-tiryan yana kallon madubi ɗaya, sai hassada ta kama ni har wuya. Amma da na zo wucewa na ɗaga masa hannu na ce, "Ba laifi, kana da hannu. Ka ci gaba da koyo."

Ina sauka daga gadar na kira Mai Aski na ce ya sa wayar a fili kowa ya ji. Na gaya musu yanzun nan na sa tirela uku sun ja baya a kan gada da kallo ɗaya. Na ji muryar Tela daga nesa yana cewa, "Tambaye shi, shi ya ja ko sau ɗaya?" Na ce sabis ya yanke.

A gari na huɗu yunwa ta taso. Na zaɓi wuri da ilimi, gefen titi, gabana fayau babu ko tsinke. Na shiga wata rumfa na sayi burodi, na buɗe fulas, na sami mutum uku masu kunne. Awa ɗaya na yi ina gangaro musu da tirela daga dutse. Da na fito sai na tarar an sauke bulon gini a gaban motata, an jera shi tsaf har ƙugu, motar da ta kawo ta tafi. Mai ginin na tsaye da takarda a hannu.

"Wa ya ce ku tare mini hanya?"

Ya leƙa bayan motar ya ce, "Ranka ya daɗe, ai bayanka a buɗe yake har gari na gaba."

"Ban tambaye ka bayana ba."

"To masu aiki sai gobe. In kana sauri ga baya, in ba ka sauri ga benci."

Mutum ukun nan da suka sha labarina sun biyo ni suna jiran su ga hannun tsohon direba. Na naɗe hannun riga na ce likita ya daɗe yana cewa in riƙa motsa jiki, ga dama ta samu. Na fara kwashe bulo ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa gefe. A na goma bayana ya fara magana. A na ashirin rigata ta koma kalar toka. Mai ginin da ya ga aikin banza ya samu, sai ya fara nuna mini inda ya fi so a jera.

"Tunda ka ɗauko, ranka ya daɗe, ƙarasa da shi bakin tushe."

Ɗaya daga cikin masu kunnen ya ce, "Baba, in baya ce ba ka so, kawo makulli in fitar maka."

"Motar nan ba ta san hannun kowa ba sai nawa."

Bulo arba'in da bakwai na ɗauka kafin hanya ta buɗe. Mai ginin ya ce in ina da lokaci ranar Litinin za a kawo yashi.

Duk da haka na shiga mota da ƙwarin gwiwa. Saura gari uku, rana ta fara karkata, Auta na can tana duba agogo. Abin da ban sani ba shi ne hanyar motar wasiƙu ta shekara ashirin baya nake bi a kaina. Ina shiga gari na biyar na tarar an datse babban titi da ganguna ana gyara. Wani mai jan tuta ya ce in juya in koma in bi ta bayan gari.

"Babu wata hanya ta gaba?"

"Sai dai lungun kasuwa, amma..."

Ban tsaya jin amma ba. Na karya kan mota na shiga lungun. Da farko yana da faɗi. Sai ya fara gangara, yana tsukewa, rumfuna na matsowa. Mata na janye tire, wani na ɗage buhu, ni kuwa ina ta hon. Na sha kwana ɗaya, na sha ta biyu, sai ga lungun ya ƙare a bakin wani ƙaton lambatu, babu komai a kansa sai katako ɗaya na masu ƙafa. Na taka birki da ƙafa biyu. Ta gefena, motar ta manne da ƙofar wani shago har ba a iya zura hannu.

Aka bubbuga ƙofar daga ciki. Wata ƙaramar taga ta buɗe daidai kunnena, fuskar wani tsoho mai tabarau ta bayyana, da guntun takalmi a hannunsa.

"Wane ne ya rufe ni?"

"Haƙuri, yanzu zan fita."

"To fita."

Kasuwa ta watse ta dawo kaina. Aka ce in ja baya. Na kama sandar giya na jijjiga ta yadda kowa zai gani, na girgiza kai, na ce ribas ya tsinke. Wasu majiya ƙarfi suka ce su tura. Hawa ne, suka yi nishi suka ɗaga ta taku biyu, ni kuma na murɗa sitiyari ta inda bai kamata ba, bayan motar ya kwashe sandar rumfar wata mai kwanuka. Kwanuka suka bi gangara suna kiɗa, motar ta dawo inda take.

Aka kira makanikin garin. Ya zo yana goge hannu, ya leƙo ta tagar ɗaya gefen ya ce in buɗe ya duba. Na san yana shiga asirina ya tonu. Na danna makullin ƙofofi.

"Wannan ba irin motocin da ka saba taɓawa ba ce."

"Baba, irinta uku ne a garejina yanzu haka."

"Kama da wane ba ta wane ba."

Mai gyaran takalmi ya ce ta taga, "Malam, ni fa tun safe nake shan ruwa, kuma shagon nan ba shi da ƙofar baya. Ka yi wa Allah."

Na sunkuya ƙasan sitiyari na kira gida. Uwar Auta ta ɗauka. Na rage murya na gaya mata garin da lungun, na ce ta je a asirce ta samo wani direba daga wata unguwa, wanda bai san ni ba, ta turo shi.

"Me ya sami motar?"

Shekara arba'in muna tare, ban taɓa jin nauyin magana kamar wannan ba. Na ce, "Babu abin da ya same ta. Ban iya ba ne."

"To," ta ce. "Zauna nan." Kamar ina da wurin zuwa.

Na ɗago na sanar da jama'a cewa ƙwararren makanikina na musamman ya taso daga birni, shi kaɗai ya san sirrin wannan inji. Makanikin garin ya jawo benci ya zauna, ya ce yau zai ƙaru. Mai kwanuka ta zauna kusa da shi da sandar rumfarta a cinya. Aka miƙa wa mai takalmi wata roba ta taga, ya rufe tagar na ɗan lokaci, da ya buɗe bai sake yi mini magana ba. Awa ɗaya da rabi muka yi a haka. Masu gyaɗa sun yi ciniki ranar.

Can sai jama'a ta dare biyu. Na duba madubi. Tela na fara gani, da igiyar awo har yanzu a wuyansa. Bayansa Mai Aski. Bayansu Auta, ta harɗe hannu. A gabansu duka kuwa uwar Auta ce, da jakarta a hammata, tana takowa a hankali saboda gwiwa. Ashe motar haya suka biyo su huɗu.

Makaniki ya miƙe ya ce, "Ina ƙwararren?"

Ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce, "Malam, buɗe. Fito."

"Ina direban?"

"Fito dai."

Na rarrafo ta kujerar gefe na fito, rigata duk siminti, hulata a karkace. Ta miƙa wa Auta jaka, ta tattare zani, ta shiga ta matsa har kan sitiyari. Ta jawo kujera gaba, ta gyara madubi. Na leƙa na ce mata a hankali, "Ke, kar ki kashe kanki. Giyar ba ta shiga."

"Dannawa ake yi ƙasa tukuna," ta ce. Ta danna sandar da tafin hannu, ta tura, na ji ta shige ƙwas.

Ta ɗora hannu ɗaya a bayan kujera, ta waiwaya, motar ta fara hawa da baya. Ta wuce rumfar kwanuka ba ta taɓa ko cokali ba. Ta sha kwana ta biyu, ta sha ta farko, jama'a na bin ta suna tafi, ni ina bin su a baya. Mai takalmi ya fito ya wuce ni ba sallama. A bakin titi ta tsaya cak ta kashe.

Makaniki ya dube ni ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Ƙwararre ne."

Tela bai yi dariya ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ya zo ya kaɗe mini ƙurar kafaɗa ya ce, "Direba, waccan tirelar, ita ma Hajiya ce ta gangaro da ita?"

Na juya wajen matata na ce, "Yaushe?"

"Wata huɗu. Auta ke kai ni fili da motar wurin aikinsu, lokacin da kake shagon aski."

"Kuma kin san ni ban..."

"Malam, wankinka nake yi shekara arba'in. Ban taɓa wanke baƙin mai a rigarka ba, sai tawada."

Auta ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, ta miƙa wa uwarta tafin hannu kawai ta tagar mota. Na kau da kai don kar in gani. Uwarta ta zare makullin, ta dubi hannun, ta dube ni.

"Kin ce za ki nemo direba," ta ce. "Kin samu. Shiga baya." Sannan ta jefa makullin a cikin jakarta ta ja zif.

Haka muka dawo, ita a sitiyari, ni a gefe, su uku a matse a baya. Gari biyu suka rage a zobena, har yau ban gan su ba. Muka bi ta gari na huɗu, mai gini ya ɗaga mini hannu. Muka hau gada, muka wuce gidan mai, na nutse a kujera har sai da muka yi nisa. Babu wanda ya yi magana sai Tela, da yake tambaya a kowane gari ko a nan ne dutsen yake.

Rana ba ta faɗi ba muka shiga layi. Kujerun da aka tanada suna nan, da mutanensu a kai. Ta wuce ƙofar gidanmu kaɗan, ta danna, ta waiwaya, ta zura motar cikin gareji sumul, kaji na tsalle ta ko'ina. Na zauna a ciki har kowa ya watse.

Da ta ga ban fito ba sai ta dawo ta buɗe ƙofar gefena.

"Nan za ka kwana?"

"Makullin," na ce. "Shi ke nan ya tafi?"

"Yana jakata. Ranar da ka fitar da motar nan ka mai da ita da hannunka, ya koma aljihunka. Gemu ba ya hana ilimi. Gobe ƙarfe bakwai, ka nemo gwangwani shida."

Na ce mutum kamata ba ya yawon tsintar gwangwani a layi. Ta ce to, ta shige ciki.

Ƙarfe bakwai saura kwata ina ƙofar gareji da gwangwani takwas.